Fuloraid a tankin unguwa, a gishiri, ko a kan buroshi: wanne ya dace da Sakkwato?

Maganar ta taso ne a taron kwamitin rijiyar burtsatsen unguwarmu, bayan sallar isha'i, muna cikin lissafin kuɗin gyaran inji. Wani matashi a cikinmu, wanda ɗansa ya kwana uku yana kukan haƙori har sai da aka cire masa matauni biyu, ya ce ya ji a ƙasashen Turawa ana zuba wani sinadari mai suna fuloraid a ruwan sha don kada haƙoran yara su ruɓe. To me zai hana mu ma mu saya mu riƙa zubawa a tankinmu? Dattijon da ke shugabantar kwamitin ya dube shi ya ce, "Yaro, ruwan ga da muka sha tun muna ƙanana, mi as same shi da za a sa mai magani?" Matashin ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ruwa na nan yadda kuka san shi, sai dai ku ba ku tashi da alawa da lemun kwalba ba." Aka yi dariya, sannan aka ɗora mini nauyin binciko maganar, tunda ni ne malamin kimiyya a cikinsu. Ga abin da na kai musu, da ɗan ƙari.

Sai an san yadda haƙori ke lalacewa kafin a gane amfanin sinadarin. Babu wata tsutsa a cikin haƙori, duk da abin da masu tallar magani a kasuwa ke nuna wa mutane a tafin hannu. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke manne a jikin haƙori, suna jiran zaƙi. Da zarar an sha shayi mai sukari ko an tsotsi alawa, sai su cinye ragowar zaƙin su fitar da tsami, tsamin nan kuma ya fara narkar da farin ɓawon da ya rufe haƙorin. Bayan ɗan lokaci miyau ya wanke tsamin ya maido da wani ɓangare na abin da ya narke. Haka ake wannan ja-in-ja kullum. Yaron da bakinsa ba ya hutawa da zaƙi daga safe zuwa dare, miyaunsa ba ya samun sararin gyara, sai kogo ya buɗe. Fuloraid na shiga tsakani ne a nan: idan akwai ɗan kaɗan daga cikinsa a miyau, gyaran yana yin sauri, kuma ɓawon da aka sake ginawa ya fi na da jure tsami. Masana a yau sun yarda cewa mafi yawan amfaninsa yana zuwa ne daga taɓa haƙori a cikin baki, ko an haɗiye ko ba a haɗiye ba. Wannan batu ya kamata a riƙe, domin shi ne zai raba gardama daga baya.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ta hanyar illarsa aka gano amfaninsa. A 1901 wani likitan haƙori, Frederick McKay, ya sauka a garin Colorado Springs na Amurka ya tarar da mutanen garin da tabo mai ruwan ƙasa a haƙoransu, amma haƙoran ba su cika ruɓewa ba. An shafe shekaru talatin kafin a tabbatar cewa fuloraid ne da ke cikin ruwan ƙasarsu. Daga nan wani jami'in lafiya, Trendley Dean, ya bi garuruwa yana auna ruwa yana duba bakin yara, har ya gano cewa a wajen miligiram 1 cikin lita ɗaya ruɓewa na raguwa, tabo kuma bai yi muni ba. A 1945 birnin Grand Rapids na Amurka ya zama na farko da ya fara zuba shi da gangan a ruwan famfo. Birmingham ta Ingila da Dublin ta Ailan suka bi a 1964.

Abin da ya sa wannan hanya ta burge masu kula da lafiyar jama'a a bayyane yake. Ba ta buƙatar mutum ya tuna da komai, ba ta buƙatar ya sayi komai. Ɗan attajiri da ɗan mai tura kura duk famfo ɗaya suke sha, kowa ya samu rabonsa. Idan aka raba kuɗin aikin kan mutanen babban birni, abin da ke kan kowane mutum a shekara bai taka kara ya karya ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta daɗe tana cewa tana rage ruɓewar haƙori da kusan kashi 25 cikin ɗari.

Sai dai akwai gyara a wannan lissafi. Yawancin binciken da ya nuna babban amfani an yi shi ne kafin 1975, lokacin da man goge baki mai fuloraid bai yaɗu ba. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara bincike ta tace shi, ta sake duba lamarin a 2024, ta ce a binciken da aka yi bayan 1975 bambancin ya ragu ƙwarai, a matsakaicin lissafi bai wuce kusan rubu'in haƙori ɗaya ga kowane yaro ba. Masu adawa sun yi ta yawo da wannan. Amma a lura, an yi waɗannan bincike ne a ƙasashen da kusan kowane gida ke da makilin. Inda yara da yawa ba sa amfani da shi, kamar ƙauyukanmu, amfanin ruwan zai iya fin haka. Akwai kuma misalin Calgary a Kanada, wadda ta daina a 2011, likitoci suka ga ruɓewa ta ƙaru a bakin yara, mutanen birnin suka kaɗa ƙuri'a a 2021 cewa a maido da shi. Ni dai ba na cikin masu cewa hanyar ba ta aiki. Tana aiki a inda aka cika sharuɗɗanta.

To, su sharuɗɗan ne matsalarmu. Ana so a samu matatar ruwa guda ko biyu da ke shayar da yawancin gari, famfo na zuwa kullum, injin da ke ɗiga sinadarin gwargwadon ruwan da ke wucewa, wutar da ba ta yankewa, da ma'aikacin da zai auna ruwan kowace rana. Yanzu mai karatu ya tambayi kansa, daga ina ruwan da ɗansa ya sha jiya ya fito? A cikin birnin Sakkwato akwai masu samun ruwan famfo da ake tacewa daga Gulbin Rima, wanda madatsar Goronyo ke ciyarwa. Amma zagaya Mabera, Arkilla, Gagi, Runjin Sambo ko Gidan Igwai da safe ka ga jerin 'yan ga-ruwa da kurarsu cike da jarkoki. Gida ɗaya zai iya shan ruwan famfo ranar Litinin, na burtsatsen maƙwabci ranar Laraba, yara kuma su sha ruwan leda a makaranta. Idan aka fita birni zuwa sauran ƙananan hukumomin jihar, guda 23 ne gaba ɗaya, rijiya da burtsatse ne rayuwa. Ko da hukumar ruwa ta fara zuba fuloraid gobe, gidajen da famfo ke kai wa ne za su samu, su ne kuma galibi masu halin sayen makilin. Wanda aka yi abin dominsa yana can yana jan guga.

Sannan ga zafi. Adadin da ke shiga jiki ya danganta da yawan ruwan da aka sha, kuma wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, ya san ba a kwatanta shan ruwanmu da na mutumin Dublin. Amurkawa da kansu a 1962 sun tsara awon daga miligiram 0.7 zuwa 1.2 a lita, garuruwa masu zafi su ɗauki na ƙasa, kafin a 2015 su tsayar da 0.7 ga kowa. Hong Kong ta sauke nata zuwa 0.5 a 1988. Babban mutumin da ya sha lita biyar a ranar zafi daga ruwa mai 0.7 ya haɗiye miligiram 3.5, ban da abin da ke cikin ganyen shayi, wanda shi ma ke ɗauke da fuloraid da yawa. Don haka kwafo lambar wata ƙasa a liƙa mana ba dabara ba ce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, ba sai an je Amurka neman darasinsa ba. Tibirin Gobir na nan kusa da Maraɗi, 'yan'uwan mutanen Sabon Birni ne. Daga tsakiyar shekarun 1980 garin ya riƙa shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi da ke ɗauke da fuloraid ninkin abin da aka amince da shi. Ba wanda ya zuba shi, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa ya fito, kuma ruwan garau yake, ba wari, ba ɗanɗano. Kafin a farga an shafe fiye da shekara goma, ɗaruruwan yara sun tashi da ƙafafu a lanƙwashe, ƙasusuwa sun nakasa, haƙora sun yi ja. A Najeriya ma an san Langtang ta jihar Filato da Kaltungo ta jihar Gwambe da wannan tabon haƙori daga ruwan ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a lita, ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ma haka ta ce. Rijiyoyi biyu a gari ɗaya za su iya bambanta nesa ba kusa ba, gwargwadon zurfinsu da irin dutsen da suka ratsa. A yankin Dange da Shuni akwai duwatsun fosfet, waɗanda fuloraid ke cikin ginuwarsu, a Kalambaina kuma farar ƙasa ce, ruwan da ya ratsa ta bai cika riƙe fuloraid da yawa ba. Ido ba zai faɗa maka wanne ne naka ba, sai awo. Wanda ya ƙara sinadari a ruwan da bai auna ba, ya yi tsalle ne cikin rijiyar da bai leƙa ba.

Illar tana zuwa mataki-mataki. Mafi sauƙi ita ce farin zane ko ɗigo a haƙori, wanda ke samun yaro ne kawai lokacin da haƙoran dindindin ke ginuwa a cikin dasashi, wato daga haihuwa zuwa wajen shekara takwas. Ko a awon 0.7, ƙiyasin Cochrane ya nuna kusan mutum 12 cikin 100 za su samu tabon da zai dame su a ido. Idan awon ya ƙaru sai tabon ya koma ruwan ƙasa, haƙori ya riƙa ɓarewa, idan ya ƙaru sosai shekara da shekaru sai ya kama ƙashi. (A nan kada a rikita da jan baki na goro ko na fure, wannan rini ne a waje, ana iya kankare shi.) Game da kaifin ƙwaƙwalwa da ake ta yaɗawa a WhatsApp, abin da rahoton wata hukumar binciken guba ta gwamnatin Amurka ya faɗa a 2024 shi ne akwai alaƙa tsakanin ruwan da ya haura 1.5 da raguwar makin basira a yara, amma bai yanke hukunci kan 0.7 ba. Jihohin Utah da Florida sun hana zubawa a 2025, ƙungiyoyin likitocin haƙori na ƙasar kuma suna nan kan goyon bayansa. A wurinmu wannan rahoto ya fi shafar mai burtsatsen da ba a auna ba fiye da kowa.

Shawarar matashin namu kuwa, ta a sayo gari a riƙa zubawa a tanki da hannu, wannan na ce a'a kai tsaye. A 1992 a ƙauyen Hooper Bay na Alaska, na'urar zuba fuloraid ta wata rijiyar jama'a ta samu matsala, kusan mutum 300 suka kamu da amai da gudawa, mutum ɗaya ya rasu. Wannan fa da na'ura ke nan. Mu da tankinmu ke cika yau ya ƙafe gobe, kuma mai gadin masallaci ne ke kunna inji, wa zai auna mana miligiram 0.5 a lita?

Hanya ta biyu da ba a cika jin labarinta a nan ba ita ce gishiri. Suwizalan ta fara a 1955, daga baya awon ya tsaya a kimanin miligiram 250 a kowane kilo. Faransa da Jamus sun bi, Jamaika da Kosta Rika suka fara a 1987, birnin Basel na Suwizalan ma ya bar na ruwa a 2003 ya koma na gishiri. A takarda wannan ta fi dacewa da ƙasa irin tamu, domin gishiri na kaiwa inda famfo bai taɓa kaiwa ba, kuma mun riga mun saba da tsarin, tun 1993 doka ta wajabta sa aidin a gishirin Najeriya saboda maƙoƙo. Amma aiki ne na gwamnatin tarayya da masana'antu, ba na kwamitin unguwa ba. Yana kuma buƙatar taswirar ruwan ƙasa, don kada a kai gishirin Langtang ko wani wuri mai kama da Tibiri. Ga shi kuma likitoci na ta fama da mu kan rage gishiri saboda hawan jini. Abin a sa a kunnen 'yan majalisa ne, ba abin da uba zai yanke shawara a kai yau ba.

Abin da ke hannun uba yau shi ne makilin, kuma a ganina shi ne ya ci wannan gasa. Tunda amfanin fuloraid a jikin haƙori yake, man goge baki na kai shi daidai wurin, da ƙarfin da ya ninka na ruwa sau dubu da wani abu, sannan a tofar. Bincike mai yawa ya nuna yana rage ruɓewa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna. Sai dai ba kowane makilin ba. A juya bayan kwalin a nemi lamba tsakanin 1000 da 1500 tare da haruffan ppm, wato yawan fuloraid cikin miliyan, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Akwai masu ƙamshin ganye da hoton itatuwa waɗanda babu fuloraid ko kaɗan a ciki, akwai kuma jabu. Yaron da bai kai shekara uku ba a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga uku zuwa shida kamar ƙaramar ƙwayar wake, babba ya tsaya a kansa don kada ya haɗiye. Sau biyu a rana, na dare kafin barci shi ne ba a wasa da shi, domin miyau na raguwa in an kwanta. Kuskuren da kusan dukkanmu ke yi shi ne kurkure baki tas da ruwa bayan an gama. A tofar kawai a bar ragowar ta yi aikinta. Da azumi ma lissafin bai ɓaci ba: bayan sahur da kafin barci.

Rauninsa a fili yake. Kuɗi ne, kuma hali ne. Gidan da ke da yara takwas ya san kwali ɗaya ba ya daɗewa, uwa kuma ba za ta iya tsayawa kan kowa kullum ba. Maganin da Sikotilan ta samo, ita da ba ta zuba fuloraid a ruwa, shi ne goge baki a makarantun yara ƙanana kullum a gaban malama, kowane yaro da buroshinsa. Na daɗe ina tunanin islamiyyoyinmu da makarantun allo. Yara na taruwa kullum, akwai buta, akwai alwala, tsabtar baki kuma ba baƙuwar magana ba ce a wurin malam. Kuɗin da za mu kashe kan na'urar tanki zai sayi buroshi da makilin na dogon lokaci.

Dattijonmu ya tambaye ni, "To Malam, asawakin namu fa, a yar da shi?" Na ce a'a, Baba. Sunna ce mai ƙarfi, kuma wanda ya iya riƙe shi yana kankare dattin haƙori sosai. Mai yin asawaki a kowace salla ya fi mai buroshin da ke gogawa sau ɗaya a gurguje tsabtar baki. Abin da asawaki ba ya bayarwa shi ne fuloraid mai yawan da zai ƙarfafa ɓawon haƙori, na darbejiya ne ko na Makka. A haɗa su: asawaki da rana, makilin safe da dare. Wanda bai da buroshi ya ɗiga makilin a bakin asawakin.

Ga yaron da haƙoransa suka fara nuna farin alli kusa da dasashi, ko wanda yayyensa suka sha fama, akwai wani man fuloraid mai ƙarfi da ma'aikacin lafiya ke shafawa da ɗan buroshi, minti kaɗan, sau biyu zuwa huɗu a shekara. Yana rage ruɓewa da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Akwai kuma wani ruwa mai haɗin azurfa da fuloraid da ke tsayar da kogon da ya riga ya buɗe ba tare da allura ko haƙa ba, sai dai wurin na komawa baƙi ƙirin, abin da ya fi sauƙin karɓa a mataunin nono fiye da haƙoran gaba. A tambaya a sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru. Matsalar waɗannan magunguna biyu ita ce ƙarancin ma'aikatan haƙori a wajen birni. Wani abu kuma da ya zama dole in faɗa tunda a Sakkwato muke: idan dasashin ƙaramin yaro na zubar da jini, baki na wari, kunci ya kumbura, musamman bayan ƙyanda ko a yaro mai tamowa, wannan ba maganar fuloraid ba ce. A garzaya Asibitin Noma, mai kula da wannan cuta da ake kira noma, wanda ke nan garin tun 1999, domin cutar na cin fuska cikin kwanaki.

Duk wannan, fuloraid garkuwa ne kawai, ba ya hana kibiya zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya na so sukari ya tsaya ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na abincin yini, wajen ƙaramin cokali 12 ga babba, kuma kwalbar lemo ɗaya ta cinye mafi yawan wannan. Yawan lokutan da ake shan zaƙi ya fi yawan zaƙin lahani. Gara yaro ya sha zoɓonsa tare da abinci ya gama, da ya yini yana tsotsar alawa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da kwamiti ya tsayar ke nan. Ba za a zuba komai a tanki ba. Za a ɗebi ruwan burtsatsen a kwalbar roba mai tsabta a kai ɗakin gwaje-gwaje, a nemi awon fuloraid da sunansa, domin ba kowane gwajin ruwa ke haɗawa da shi ba, a yi sau ɗaya da rani sau ɗaya bayan damina. Idan ya fito ƙasa da 0.5, sai mu dage da makilin mu fara goge baki a islamiyya. Idan yana tsakanin 0.5 da 1, mun samu abin da Grand Rapids ta biya kuɗi ta samu, sai a ƙara lura kada ƙanana su haɗiye makilin. Idan ya haura 1.5, yara 'yan ƙasa da takwas su koma wani ruwan don sha da damun koko, a bar wannan ga wanki da wanka. Tafasawa ba ta cire shi, ƙara masa ƙarfi ma take yi, sai matata ta musamman ko a gauraya shi da ruwan da ba shi da yawa. Matashin da ya kawo maganar shi aka ba kwalbar, da kuɗin mashin daga asusun kwamiti.